Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga 'Yan'uwa Mazauna Ƙauyukan Ingila: Majalisar Gari Daban, Majalisar Coci Daban

Zuwa ga 'yan'uwa masu jin Hausa da neman abinci ya kai ƙauyukan Ingila,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Sannunku da aiki, sannunku da sanyi.

Tun daga 2022, da gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, mutanenmu suka bazu har wuraren da a da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Ba Landan da Manchesta kaɗai ba, har ƙauyukan Nofok da Debon da Linkonsha, inda za ka tarar da coci ɗaya na dutse, zauren taro ɗaya, da bas mai zuwa sau uku ko huɗu a yini. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne yawancinmu a waɗannan wurare daga aiki sai gida, sai sujadar Lahadi ga Kirista idan jadawalin aiki ya bari. Haraji kuwa ana biya, baiko ana bayarwa, amma wurin da ake yanke yadda za a kashe kuɗin babu fuskarmu. Wasu na cewa baƙo raɓa ne. To, wanda ya shekara uku a gari, 'ya'yansa na makarantar garin, ya wuce raɓa.

Abin da ke fara rikita sabon zuwa kalma ɗaya ce, farish. Turawa na kiran abu biyu da ita. Akwai farish na coci, wato yankin da limamin Cocin Ingila ke kula da shi. Akwai kuma farish na hukuma, wanda shi ne matakin mulki mafi ƙanƙanta a ƙasar. A da, taron da ake yi a ɗakin ajiyar tufafin limami shi ke riƙe da lamuran coci da na gari a haɗe. Dokar 1894 ce ta raba su, ta kafa majalisar gari wadda babu ruwanta da addini. Majalisar coci kuma, wadda za ku ga ana rubutawa PCC, ta samu ikonta a doka a 1921. Kuɗinsu daban, zaɓensu daban, sau da yawa ma iyakar yankinsu ba ɗaya ba ce. Sai dai a ƙaramin ƙauye mutum ɗaya kan zauna a duka biyun, shi ya sa baƙo ke ɗauka abu ɗaya ne, ya kai ƙarar fitilar titi wajen limami.

Mu fara da majalisar gari, domin ita ta kowa ce, Musulmi da Kirista da wanda ba ya bin kowane addini. Akwai irinta kusan 10,000 a Ingila. Kansilolinta ba sa gaza biyar, wa'adinsu shekara huɗu, kuma galibi ba a biyansu ko kwabo. Wanda ake biya shi ne akawun majalisa, sau da yawa na 'yan sa'o'i ne kawai a mako, kuma shi ne ƙofar shiga. Wasiƙa, ƙorafi, neman a sa magana a ajanda, duk ta hannunsa suke bi.

Ku ɗauko takardar harajin gida da ke zuwa kowane Maris ku duba layin ƙasa, za ku ga sunan ƙauyenku da wani ɗan adadi. Wannan shi ne kason majalisar gari. Lissafinsa ba wuya. A ce majalisa na buƙatar fam 24,000 a shekara, kuma gidajen garin, waɗanda aka kasa rukuni-rukuni daga A zuwa H bisa darajarsu, idan aka auna su da ma'aunin rukunin D sun kama 400, to gidan rukunin D zai biya fam 60, na rukunin A kashi biyu cikin uku na wannan, wato fam 40, na rukunin H kuma ninki biyu. Manyan majalisu ba su da ikon ƙara haraji fiye da wani ƙa'idajjen kaso sai sun nemi ƙuri'ar jama'a, amma wannan takunkumi bai hau kan majalisar gari ba. Ana tattauna kasafin a Nuwamba da Disamba, a miƙa adadin ga majalisar gunduma wajen Janairu. Wanda ya zo da ƙorafi a Afrilu, bayan takarda ta iso, ya makara da wata huɗu.

Kada kuma ku ɗora mata abin da ba nata ba. Ramin titi na majalisar lardi ne, kwashe shara na gunduma ne, a wasu yankuna kuma majalisa ɗaya ce ke riƙe da duka biyun. Izinin gini ma ba ita ke bayarwa ba, ra'ayinta kawai ake nema, yawanci cikin kwana 21. Nata shi ne filin wasan yara, rumfar jiran bas, bencina, zauren taro a wasu garuruwa, gayaunun haya, da maƙabarta idan tana da ita.

Ga inda takardar ƙasa ke shigowa, kuma a nan mutane ke yawan kuskure. Ɗan Najeriya, ɗan Gana da ɗan Kamaru 'yan ƙungiyar Kwamanwel ne, wato ƙungiyar ƙasashen renon Ingila. Muddin mutum na da izinin zama na halal, ko da bizar aiki ce ta shekara uku, yana da damar yin rajista ya jefa ƙuri'a. Ana yin rajistar ta intanet da lambar inshorar ƙasa, a rufe ta kwanakin aiki 12 kafin zaɓe, kuma tun 2023 sai an nuna shaida mai hoto a rumfar zaɓe. Fasfon ƙasar Kwamanwel ya isa. Amma tsayawa takara sai wanda ya samu izinin zama na dindindin ko ya zama ɗan ƙasa. 'Yan'uwanmu na Nijar, Cadi da Sudan ba sa cikin wannan ƙungiya, don haka ba su da ƙuri'a sai sun karɓi takardar zama ɗan Birtaniya. Wannan bai hana su halartar taro ba, domin doka ta buɗe zaman majalisa ga kowa.

Wanda ya cancanci takara, ya kai shekara 18, sai ya cika ɗaya daga cikin waɗannan: sunansa na rajistar zaɓen garin, ko ya yi wata 12 yana riƙe da gida ko fili a garin ta mallaka ko haya, ko ya yi wata 12 babban aikinsa a garin yake, ko ya yi wata 12 yana zaune a garin ko cikin mil uku daga iyakarsa. Masu aiki a gidan kula da tsofaffi na wani ƙauye su lura da sharaɗi na uku. Ba a ajiye kuɗin takara. Mutum biyu kawai ake buƙata daga masu rajista a garin, ɗaya ya gabatar, ɗaya ya mara baya. Takardar kuma da hannu ake kai ta ofishin jami'in zaɓe na gunduma, kafin ƙarfe huɗu na yammar ranar da aka tsayar. Abin da ke kayar da mutane ba abokin hamayya ba ne, lambar rajista ce da aka rubuta ba daidai ba, aka kai takarda ranar ƙarshe babu lokacin gyara. A ƙauyuka da dama ma ba a kaɗa ƙuri'ar, saboda 'yan takara ba su kai yawan kujeru ba. Idan kujera ta faɗi a tsakiyar wa'adi, ana liƙa sanarwa. Idan masu zaɓe goma ba su nemi a yi zaɓe cikin kwanakin aiki 14 ba, sauran kansiloli ne ke ɗauko wanda suka ga dama. Ta wannan hanya mutane da yawa ke shiga. Masu aikin dare su riƙe wannan: kansilan da ya yi wata shida a jere bai halarci zama ba, ba tare da majalisa ta amince da uzurinsa ba, kujerarsa ta tafi da kanta. Akwai kuma takardar bayyana wurin aiki da kadarori da ake cikewa cikin kwana 28, kuma ƙin cika ta laifi ne a doka.

Shi kansa zaman ba abin tsoro ba ne. Ku nemi allon sanarwa mai gilashi, galibi kusa da rumfar bas ko ƙofar zauren taro, inda takardar ajanda ke maƙale da ƙusa, gefenta ya nannaɗe saboda laima. Dole a liƙa ta cikakkun kwana uku kafin zama, ban da ranar liƙawa, ranar zaman, Lahadi da ranakun hutu. A cikin zauren za ku tarar da tebura biyu an haɗa, mutum bakwai ko takwas sanye da rigunan sanyi, akawu da kwamfutarsa, sai kujerun jama'a guda goma, takwas babu kowa. Yawancin majalisu na ware minti goma ko sha biyar a farko don jama'a su yi magana, kowa minti uku. Bayan nan sai sauraro. Majalisa ba ta da ikon yanke hukunci a kan abin da ba ya cikin ajanda, komai kyawunsa. Don haka wanda ya miƙe ya yi doguwar magana a kan buƙatar da bai rubuto ba, godiya kawai zai samu. A rubuta wa akawu kwana goma kafin zama, a faɗi abin da ake so, nawa zai ci, da wa zai amfana.

Akwai kuma taron gari na shekara, tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni, wanda ba a fara shi kafin ƙarfe shida na yamma. Wannan ba na kansiloli ba ne, na masu zaɓe ne, kowa na da baki kuma yana da ƙuri'a. Masu son ganin inda kuɗi ya shiga kuma, kowace shekara ana buɗe littattafan majalisa na kwanakin aiki 30, kuma dole kwanakin aiki goma na farkon Yuli su faɗo ciki.

Masu kewar gona, dokar 1908 ta ce idan masu zaɓe shida suka rubuta suna neman gayauna, wajibi ne majalisa ta duba buƙatar. Cikakkiyar gayauna kan kai murabba'in mita 250, yanzu an fi bayar da rabinta. Alayyafo na yi sosai idan an jira ƙarshen Mayu, sanyin da ke ƙona tsiro ya wuce. Kuɓewa kam sai cikin ɗakin gilashi.

Yanzu ga 'yan'uwa Kirista, maganar coci. Wanda ya saba da majami'a cike maƙil da ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata, ranar farko jikinsa zai yi sanyi: mutum goma sha biyar, yawancinsu masu furfura, sujada ta ƙare cikin awa ɗaya. Limami ɗaya na iya riƙe coci biyar ko fiye, shi ya sa lokacin sujada ke canzawa daga mako zuwa mako. A duba jadawalin da ke shirayin coci kafin a fito.

Zuwa sujada kaɗai ba ya ba mutum murya. Sai sunansa ya shiga rajistar ikilisiya. Sharaɗin shi ne baftisma da shekara 16. Ɗan Angilikan da ke zaune a yankin zai cika takarda kawai. Wanda ya fito daga ECWA, COCIN, Baftis ko wata ikilisiya mai imani da Triniti zai iya shiga bayan ya yi wata shida yana halartar sujada a kai a kai, ya kuma bayyana a takardar cewa yana ɗaukar kansa ɗan Cocin Ingila, ba tare da ya bar tasa ba. Duk shekara shida ana soke rajistar a sake sabuwa. An yi a 2025, ta gaba sai 2031, amma ana iya shiga a kowane lokaci. Taron shekara na ikilisiya ba ya wuce 31 ga Mayu, a nan ake karanta lissafin kuɗi, a zaɓi 'yan majalisa: shida idan sunayen rajista ba su wuce 50 ba, tara idan ba su wuce 100 ba. Mai son shiga majalisar sai sunansa ya yi wata shida a rajista, kuma ya karɓi Jibin Ubangiji aƙalla sau uku cikin shekarar da ta gabata. A sani cewa ɗan majalisar coci amintacce ne na dukiyar sadaka a idon doka, ba kujerar girmamawa ba ce. Idan aka kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, da shi za a tambaya.

Wani abin da ko Turawan garin da yawa ba su sani ba: wakilan coci biyu, masu riƙe makulli da kula da gini da kaya, ba 'yan ikilisiya kaɗai ke zaɓensu ba. Duk mazaunin yankin da sunansa ke rajistar zaɓe ta hukuma yana da ƙuri'a a wannan taro, ko da bai taɓa taka coci ba.

Fasto ko mai bishara da ya zo daga gida ya yi haƙuri, ba a hawa mumbari don an san mutum a Jos ko Kafanchan. Mai wa'azi a kai a kai sai da izinin bishop, limamin da aka naɗa a ƙasar waje kuma sai da izinin babban bishop na Kantabare ko na Yok. Mai son koyarwa a makarantar Lahadi ma sai an binciki tarihinsa ta hukumar DBS mai duba ko mutum ya taɓa aikata laifi, ya yi horon kare yara. Ba raini ba ne, kowa haka ake yi masa.

Kuɗin coci daga aljihun masu zuwa yake fitowa, gwamnati ba ta biyan limami. Kaso mafi girma na tafiya dayosis, wadda ke biyan albashi da gida da fanshon limamai. Abin da ya rage shi ake raba wa inshora, wuta, ɗumama ɗaki da gyara. Mai biyan harajin albashi ya cika takardar Gift Aid sau ɗaya, a kan kowane fam ɗaya da ya bayar hukumar haraji za ta ƙara wa coci kwabo 25. Wanda ba ya biyan haraji kada ya sa hannu, domin shi za a bi bashin. Kuɗin da aka ba da da sunan rufi kuma, rufi kawai zai yi. Ma'aji ba shi da ikon juya shi zuwa sayen kayan kiɗa ko da kowa ya yarda.

Ginin shi ne babban nauyi. Cikin coci kusan 16,000 na Cocin Ingila, fiye da 12,000 na cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Duk shekara biyar masanin gini na zuwa ya duba daga hasumiya har tushe, ya jera gyare-gyare bisa gaggawarsu. Yawancin ɓarnar kuwa daga abu ɗaya take farawa: ganye ya toshe indararo a Nuwamba, ruwa ya koma cikin bango, kan katakon rufi da ke cikin dutse ya fara ruɓewa, sai bayan shekaru a ga filasta ta kumbura tana zubowa. Aikin tsani da bokiti na Asabar ɗaya ya zama aikin dubban fam. Kuskure na biyu siminti ne. Da kwaɓin farar ƙasa aka gina waɗannan bangaye, mai barin danshi ya fita. Idan aka cike tsaga da siminti, ruwa ya maƙale a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓalle. Ga ɓarayin dalmar rufi, ga jemagu da doka ta hana a taɓa su ko a toshe musu hanya, har akan ɗage aikin rufi saboda lokacin haihuwarsu a bazara.

Mun san halin mutanenmu da kyauta. Wani zai ga bango ya dushe ya sayo fenti, wani ya kawo lasifika da majigi ya ɗauko na'urar huda bango. Kada a yi. Ƙananan ayyuka kaɗan ne ake yi ba izini, wasu sai da rubutaccen izinin acidikin, babban limamin da ke duba cocin yanki a madadin bishop, manya kuma sai da takardar da ake kira fakalti daga alƙalin dayosis, bayan kwamitin masana ya duba, an kuma liƙa sanarwa na kimanin wata ɗaya. Aikin da aka yi ba izini ana iya sa a warware shi, a kuma ɗora wa wanda ya yi kuɗin. A fara da tambayar wakilin coci.

Inda majalisun biyu ke haɗuwa, kuma inda suka fi samun saɓani, shi ne maƙabarta. Duk mazaunin yanki na da haƙƙin a binne shi a harabar coci muddin da sauran wuri. Idan ta cika aka rufe ta a hukumance, dokar 1972 ta ba majalisar coci damar rubuta wa majalisar gari ta karɓi kula da ita bayan wata uku. Ita kuma majalisar gari, cikin waɗannan wata ukun, tana iya tura nauyin ga gunduma. Idan wasiƙar ta kwana a aljihun tebur har wa'adin ya wuce, shi ke nan: yankan ciyawa, sassabe itatuwa, duwatsun kabari masu tangaɗi da katangar da ta karkata duk sun hau kan harajin garin, alhali filin na nan a hannun coci, kuma duk babban gyara sai da fakalti. Majalisar coci mai mutunci kan sanar shekara guda kafin ta aiko takardar, don a sa abin a kasafi. An kuma daɗe ana gardama ko majalisar gari na da ikon ba da kuɗi don gyaran ginin coci, saboda wata jimla a dokar 1894. Dokar 2023 ta kashe maganar: tana iya bayarwa, amma ba dole ba ne.

Dutsen kabari ma yana da ƙa'ida. Yawancin dayosis ba sa yarda da baƙin dutse mai sheƙi, hoto ko furen roba, kuma akan jira wata shida ƙasa ta zauna. A 2020 alƙalin dayosis ɗin Kobantiri ya ƙi yarda wani iyali su rubuta kalmomin harshen Ayilan ba tare da fassara ba, kotun ɗaukaka ƙara ta coci ta soke hukuncin a 2021. Mai son rubuta aya da Hausa yana da abin kafa hujja, amma ya nemi izini kafin ya biya mai sassaƙa.

'Yan'uwa Musulmi, harabar coci ba za ta biya muku buƙata ba, domin addu'ar Kirista ce kawai ake yi a can, ko a binne shiru. Amma majalisar gari mai maƙabartarta tana da ikon ware sashe ga mabiya wani addini. Lokacin neman wannan shi ne sa'ad da ake shirin faɗaɗa fili, kafin a shata layuka, domin fuskantar alƙibla sai an tsara ta tun farko. Ranar rasuwa ba ranar fara wannan magana ba ce, musamman da yake maƙabartun wasu garuruwa na ninka kuɗi ga wanda ba mazauninsu ba.

Sauran abu biyu a gurguje. Masu shirin aure a coci: idan ɗaya daga cikin ango da amarya ba ɗan Birtaniya ko Ayilan ba ne, kuma ba ya cikin 'yan Turai masu izinin zama na musamman, kiran suna na Lahadi uku ba ya wadatarwa. Sai su biyun sun je ofishin rajista na hukuma sun ba da sanarwa, a jira kwana 28, wanda ma'aikatar cikin gida ke iya tsawaita shi zuwa 70. Kada a buga katin gayyata kafin wannan. Masu sayen gida kuma, ku sa lauya ya duba ko filin na ɗauke da tsohon nauyin gyaran sashen bagaden coci. A shari'ar ƙauyen Aston Kantilo ta 2003, kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da wannan nauyi a kan masu wata gona, kuɗin gyaran kuma daga baya ya haura fam 200,000. Binciken da inshorarsa ba su da tsada, kuma kafin a sa hannu ake yin su.

A gaida yara da mutanen gida.

Naku,
Wasu 'yan'uwanku mazauna Ingila